Tun da mahaifiyarmu ta rasu taron gidanmu ya watse, ta yaya za mu sake tsara bukukuwan shekara?

Autar Gida ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina da wata damuwa da na daɗe ina juya ta a raina, kuma na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni ganin rayuwa. Mu bakwai ne a ɗakinmu, kuma duk tsawon rayuwar mahaifiyarmu shekara ba ta taɓa wucewa ba tare da mun haɗu sau uku ko huɗu ba: a goman ƙarshe na Ramadan, a Ƙaramar Salla, a Babbar Salla, sannan duk lokacin da aka yi haihuwa a cikin dangi. Ba mu taɓa tambayar yadda abin yake tafiya ba, mu dai mukan ji kiranta a waya mu kama hanya. Allah ya yi mata rasuwa shekara uku da suka wuce, kuma daga nan ne muka gane cewa ita kaɗai take ɗauke da wannan kaya. Sallar farko bayan rasuwarta mu biyar muka zo, ta biyu mu uku, ta bana kuwa kowa ya yi a inda yake, aka tura gaisuwa ta WhatsApp aka tashi. Babban wanmu yana cewa ba ya iya neman hutu a wurin aiki saboda ba a sanin ranar salla sai a daren, wani wana kuma yana Ingila, wani lokacin ranar sallarsu ma takan bambanta da tamu. Shin akwai gidan da ya shiga irin wannan hali ya fita? Kuma ta yaya ake tsara taron iyali a kan ranakun da ba sa zama wuri guda?

Malam Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta. Zan fara da uzurin wanki, domin rabinsa gaskiya ne, rabinsa kuma yana da magani.

Shekarar Hijira wata goma sha biyu ce, kowane wata kwana 29 ko 30, saboda haka jimillarta takan kama kwana 354 ko 355, alhali shekarar Miladiyya tana da 365 ko 366. Wannan giɓi na kwana goma zuwa sha biyu shi ne yake janyo kowace salla baya a kalandar da ma'aikatu da makarantu suke aiki da ita, har sai ta zagaye dukan yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. Shi ya sa a 2006 aka yi Babbar Salla sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, kuma idan Allah ya kai mu 2030 azumin Ramadan zai kama sau biyu a cikinta, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Abin da nake so ki lura da shi shi ne wannan ja da baya yana da ƙa'ida. Idan kika ɗauki ranar sallar bana kika cire kwana goma sha ɗaya, kin samu ranar ta baɗi, kuskurenki ba zai wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Mai neman hutun kwana huɗu yana iya rubuta takardarsa tun wata shida kafin lokaci, ya kuma dace.

Sannan salloli biyun ba hali ɗaya gare su ba, kuma nan ne mutane da yawa suke haɗa su a kwando guda. Ƙaramar Salla ɗaya ga Shawwal ce, don haka gaskiya ne ba a tabbatar da ita sai an duba wata a daren 29 ga Ramadan, in an gani a sauke azumi, in ba a gani ba a cika talatin. Amma Babbar Salla goma ga Zulhijja ce. Da zarar an sanar da tsayuwar watan, an san ranar idi tabbas tun sauran kwana tara, ga kuma kwanakin tashriƙ uku a bayanta, wato 11 da 12 da 13 ga wata. Da ni ne mai yanke shawara a gidanku, da Babbar Salla zan mayar babban taron da ba a yafe wa kowa, in bar Ƙaramar Salla ga wanda hanya ta yi masa sauƙi. Batun ɗan'uwanku na Ingila kuwa bai kamata ya zama abin jayayya ba: waɗansu masallatan can suna bin sanarwar Saudiyya, waɗansu suna jiran ganin wata a wata ƙasa ko bin lissafin taurari, kuma shi zai yi idi ne tare da jama'ar da yake cikinta. Taron gida ba lallai ne ya faɗo ranar idi ba, ranar uku ga salla ma salla ce.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam ya gama da lissafi, Allah ya ƙara ilimi. Ni kuma, ƙanwata, zan yi miki maganar abin da lissafi ba ya gyarawa, domin mun sha wannan ruwan a gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu.

Da muke kwashe kayansa mun tarar da wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango, gefensa duk ya lanƙwashe saboda yawan buɗewa. A ciki ya ware wa kowace shekara shafi biyu. Yakan rubuta wanda ya zo salla da wanda bai zo ba da dalilinsa, da sunan kowane jariri da ranar haihuwarsa ta Hijira da ta Miladiyya, da adadin mutanen da ya fitar wa zakkar fidda kai, sa'i guda a kan kowane kai, har da baƙon da ya kwana a gidan daren salla. A ƙasan wani shafi na ga ya rubuta sunana, a gabansa ya sa: ba ta zo ba, a je a duba ta. Na tuna shekarar sarai, domin kwana biyu bayan salla ya aiko ƙanena ba tare da wani dalili da na sani ba. A ranar na zauna a tsakar ɗakin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da muka natsu muka karanta littafin, sai muka ga aikin da muke ɗauka guda ɗaya ne ashe ya kai guda takwas, kuma babu ɗayanmu da zai iya ɗaukar su duka alhali yana da nasa gidan. Sai muka rarraba. Babbar yayarmu ce take kiran kowa tun watan Sha'aban, kuma kira ne na murya, ɗaya bayan ɗaya, domin saƙon da aka jefa cikin zauren dangi kowa yakan ɗauka da wani ake. Ƙaninmu na biye da ni shi ke tara gudummawa yana kuma bayyana abin da aka kashe a rubuce, wanda hakan ya kashe zargi tun kafin ya tsiro. Ni ce mai riƙe da littafin. Masaukin taro kuwa yana zagayawa, bana gidan wannan baɗi gidan wancan, kuma mun yi sharaɗin cewa ba a gasar karɓar baƙi, saboda mun lura cewa wanda hannunsa bai kai ba shi ne yake fara ƙirƙiro uzuri idan layi ya kusa zuwa kansa.

Akwai kuma wani abu da Malam bai taɓo ba. Tsakanin salloli biyu kwana saba'in ne ko ƙasa da haka kaɗan, amma daga Babbar Salla zuwa Ƙaramar Salla mai zuwa wata tara ne da rabi. A cikin wannan dogon rata ne zumunci yake yin sanyi. Mu mun toshe shi da abubuwa marasa nauyi: azumin Tasu'a da Ashura, tara da goma ga Muharram, mukan tunatar da juna mu yi tare ko da kowa yana garinsa, sannan a tsakiyar ratar mukan ware yini guda na ziyarar tsofaffin dangi tare da yara.

Ɗan Tsakiya ya amsa:

Allah ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Ni danginmu gauraye ne, domin dangin mahaifiyata Kiristoci ne, saboda haka shekararmu tana da kalanda biyu. Kirsimeti ba ta ba mu wahala tunda 25 ga Disamba ce kullum, ko da yake Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar a 7 ga Janairu suke yin tasu. Ista ce mai yawo, tana iya faɗowa ko'ina tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, domin ita ma da wata ake lissafa ta: Lahadin farko ce bayan cikar wata da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. A 2024 ta faɗo 31 ga Maris, a cikin Ramadan, sai kawunnaina suka ɗage ziyararmu zuwa bayan faɗuwar rana don kada mu zauna muna kallonsu.

Amma ina da ɗan saɓani da Hajiya Uwar Biyu, tare da girmamawa. Tsarinku ya yi kyau domin dukanku kuna so. Autar Gida ba ta gaya mana ko yayyenta suna so ba, kuma mutumin da yake kawo uzurin hutu shekara uku a jere mai yiwuwa ba hutun ne yake damunsa ba. Waɗansu shiga gidan da babu mahaifiya a ciki ne yake yi musu nauyi, waɗansu kuma akwai maganar gado ko wani tsohon saɓani da aka danne saboda idonta. Kafin ki zana jadawali, ƙanwata, ki sami babban wanku ku biyu kawai ki tambaye shi abin da ya hana shi zuwa, kuma kada ki cika shirun da zai biyo bayan tambayar.

Autar Gida ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da Hajiya, da Yaya Ɗan Tsakiya. Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar ƙarshe kafin sauran, na je gidan Yaya ranar Asabar. Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce tun ranar da aka fitar da ita bai iya wuce ƙofar ɗakinta ba, kuma kunyar faɗa mana yake ji tunda shi ne babba. Mun tsayar da cewa taron Babbar Salla mai zuwa a gidansa za a yi, a rana ta biyu, ya kuma ce shi da kansa zai kira na Ingila. Ni aka bar wa littafi, na riga na saya, kuma na fara da rubuta sunayen jikokinta goma sha tara. Hajiya, ina da sauran tambaya guda: ranar haihuwar Hijira ta waɗanda ba a rubuta musu ba tun farko, yaya kuka yi kuka gano ta?