Wai ana kama wolai da fatsar fulai, ko wahalar da kai ce kawai?

Kawu Sale (Minneapolis): Salam jama'a. Nura ne ya tare ni jiya bayan isha'i wai ya sayi sandar fulai, da ita zai bi wolai (walleye, kifin tafkuna da kogunan Arewacin Amurka) in an buɗe kamun kifi tsakiyar Mayu. Na ce masa kuɗinsa kawai ya zubar. Wolai kifin ƙasan ruwa ne, baya son haske, rana na ɗagawa zai nutse ƙafa 20 ko 30, kai kuma kana can sama kana wulwula igiya da gashin kaza a bakinta. Mutanen Minesota da suka maida shi kifin jiharsu tun 1965 jig (ƙugiya mai nauyi a ka) suke sawa da ɗan kifi mai rai ko matsattsaku ko tana, su basu san dawan garin bane?

Hajiya Bilki: ku tsaya dan Allah, mene ne fulai ɗin tukuna, mu a faranti kawai muka san kifi

Nura (Duluth): Hajiya ƙugiya ce ake ɗaura mata gashin tsuntsu ko na wutsiyar barewa tayi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, ita bata da nauyi, igiyar ce mai nauyin da ke ɗaukarta in ka wurga. Kawu Allah ya ƙara girma, ban musa maganar zurfi ba amma ai ba shekara guda yake yi a can ƙasa ba. Ƙanƙara na narkewa ruwa ya kai digiri 6 zuwa 10 a ma'aunin Celsius zai hauro kan tsakuwa da duwatsu ya zuba ƙwai, in ya gama kuma baya gudu nan take, yana nan bakin gaɓa yana cin ƙananan kifi musamman daf da magariba da asuba, ruwan da bai wuce ƙirjin mutum ba, to a nan me jig zai yi wanda fulai ba zai yi ba?

Injiniya Usman (Winnipeg): Kawu ni kam ina bayan Nura, amma rabi. A kogi abin yana yi sosai. Nan kogin Red ƙasa da Lockport in kaka tayi manyan wolai na shigowa daga tafkin Winnipeg, masu koren bayan nan. Igiya mai nutsewa zaka sa, ka wurga ta ƙetaren ruwa ka bar ruwan ya ja ta ƙasa sannan ka dinga jawowa da hannu kaɗan kaɗan kana tsayawa, a tsayawar nan yake ɗauka. Kuma baya fizga, nauyi kawai zaka ji kamar ciyawa ta maƙale, in ka ce bari ka tabbatar ya tofar. Ga shi a Manitoba doka ce sai ka danne ƙayar ƙugiya, kana sassauta igiya ya tafi abinsa.

Maman Hanif (Toledo): Hmm kogi kogi, ku zo kogin Maumee a Maris ko Afrilu lokacin da suke hawowa daga tafkin Erie ku gani. Mutane ne a tsaye cikin ruwa kafaɗa da kafaɗa, maigidana da ƙyar yake samun wurin tsayawa, ina filin da zaka kai igiya baya ka dawo da ita gaba? Kunnen wani zaka kama wlh. Kuma a lokacin an hana kamun dare a wurin, daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta, kaga magaribar da kake taƙama da ita ta tafi.

Nura (Duluth): Anti wannan cunkoso ne ba laifin fulai ba

Kawu Sale (Minneapolis): To wanne zaka ɗaura? Faɗa musu.

Nura (Duluth): Clouser, fari da kore mai haske. Bob Clouser ya ƙirƙiro shi a kogin Susquehanna a 1987, yana da idanun ƙarfe guda biyu da suke juya ƙugiyar bakinta ya kalli sama, shiyasa baya yawan maƙalewa a dutse

Kawu Sale (Minneapolis): Madalla, ka faɗa da bakinka. Ƙugiya, nauyi a ka, gashi a baya, tana tsalle a ƙasan ruwa, wannan ai jig ne ƙanena, sanda kawai ka canza mai tsada. Kuma ka yi lissafi, igiyar nan mai saurin nutsewa inci 6 take yi a daƙiƙa, ƙafa 20 kenan sai ka ƙirga 40 kana zaune, iska na tura kwale-kwale igiya ta yi ciki, kifi ya taɓa baka ji ba. Ni kafin ka kai 10 nawa ya taɓa ƙasa.

Injiniya Usman (Winnipeg): Nan gaskiyar Kawu ce, tsakiyar zafi a tafki mai zurfi taurin kai ne kawai. Amma Kawu akwai lokacin da ku masu ɗan kifi kuke dawowa hannu rabbana, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli in manyan ƙwarin nan Hexagenia suka taso daga laka, a Erie har na'urar hasashen yanayi tana nuna su kamar hadari. Wolai ya cika ciki da tsutsarsu, ka miƙa masa me rai ya kau da kai, mai fulai kuwa zai ɗaura abin da ya yi kama da tsutsar ya jawo ta a hankali daga ƙasa bayan faɗuwar rana.

Kawu Sale (Minneapolis): Sati biyu a shekara. Saboda sati biyu zan sayi sanda?

Nura (Duluth): da Mayu da kaka Kawu, ka haɗa. Yaya Usman waya zan sa a gaba saboda haƙoran wolai?

Injiniya Usman (Winnipeg): A'a, nasa tsini garesu basa yanka zare, zaren roba na fulorokabon ya isa. Kifin pike ne mai yankewa, in suna da yawa a inda kake to ka sa siririyar waya ko ka yi ta asarar fulai. Sanda mai lamba 7 ko 8 tafi, Clouser da iska basa shiri da ƙaramar sanda, kuma ka sa tabarau da hula.

Kawu Sale (Minneapolis): Ka zo Yuli mu shiga tafkin Mille Lacs a jirgina da rana tsaka, kai da gashinka ni da matsattsakuna. Sai dai ka duba dokar bana kafin ka taso, tana yawan canzawa, wani lokacin ko ɗaya ba'a bari ka tafi da shi gida.

Nura (Duluth): rana tsaka a Yuli kuma Kawu? ai ka zaɓi filinka. Ka zo kogin St. Louis a Mayu tukuna