Raspberry Pi 4 babu ekran: in saya ko in shiga ta kwamfutata?

Mushen Tawa: Assalamu alaikum. Ƙanena ya aiko mini Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, daga Yamai. Nufina in sa masa manhajar Kiwix, 'yan lakwal ɗina su riƙa karanta Wikipedia a salula ba sai da intanet ba. Ba ni da ekran, sai tsohuwar kwamfutar hannu. In sayi ekran da wayar micro HDMI, ko akwai hanyar shiga ta kwamfutar? Kuɗin hannuna kaɗan ne, ko katin memwar ban saya ba.

Ɗan Yantala: Wa alaikumus salam Mushe. Da Pi 5 ka saya, tun 2023 ya fito.

Mushen Tawa: Kyauta aka ba ni, ɗan'uwa.

Injiniya: Kada ka sayi ekran. Sauke Raspberry Pi Imager, manhajar rubuta katin memwar, a kwamfutarka. Kafin ka rubuta katin, sa sunan mai shiga, kalmar sirri da sunan wifi, ka kunna SSH, hanyar shiga Pi daga wata kwamfuta. Wajen ƙasa ka zaɓi NE ta Nijar, NG ta Najeriya ce. Ka haɗa Pi da kwamfutar a wifi ɗin salularka, ka kira raspberrypi.local, adireshin Pi ɗin, daga kwamfutar.

Mai gyaran salula: Sunan ai pi ne, kalmar sirri raspberry.

Injiniya: An cire wannan tun 2022.

Mai fotokofi: Mushe, bar zancen ekran, wuta za ka ji tsoro. Ni nan na sa Pi a shagona don lissafin masu bashi. Cajar salula na jona masa. Kullum wata 'yar alamar walƙiya tana fitowa a kusurwar allo, na ɗauka ado ne, ashe kukan yunwa yake, volt 5 da amfiya 3 yake so. Ran nan cikin zafin Afrilu ina tsakiyar shigar da bashin wani, kuran, wato wutar lantarki, ya tafi. Da ya dawo sai jar fitila kawai, koriyar ko ƙyaftawa. Katin ya mutu da lissafin wata huɗu. Na bi mutane ina tambayar nawa nake bin su, kowa ya ce ai ya biya. Har yau akwai wanda in ya hango ni sai ya sake hanya. Da kwanon shagon da ƙura da zafin nan, akwatin ma ba ya taɓuwa.

Ɗan Yantala: To ka soya ƙwai a kai mana, ka rage asara!

Mai fotokofi: Ba abin dariya ba ne, ƙane.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri. In zafin Pi ya kusa digiri 85 da kansa yake rage gudu, a sa masa fanka. Caja ta gaske kuma jika goma sha biyu na saya a Yamai.

Mai gyaran salula: Kai! Jika huɗu nake kawo ta daga Ƙonni.

Injiniya: Irin taka ce ta kashe katin bawan Allah nan.

Mai gyaran salula: Yallaɓai, kai cikin sanyin biro kake karanta takarda. Ni shekara da shekaru hannuna na cikin ƙurar Adar. A tambayi mai yi.

Maman Biyu: Ku duka kun bar katin. Na sayi mai jiga 64 jika uku, ashe ciki ko 8 bai kai ba, hotunan sunan 'ya'yana suka tafi. Na mayar, mai shagon ya rantse bai taɓa ganina ba.

Mai fotokofi: Haka suke! Rasit ma ba sa bayarwa. Ga kuran, jiya sau biyar a unguwarmu.

Mushen Tawa: Na gode. To Injiniya, in salulata ce ke ba da wifi, yara za su iya shiga ranar da ba na nan?

Maman Biyu: Sau biyar? Mu tun azahar ba mu gan shi ba, ƙanƙarar da zan sayar duk ta narke.