Na hana shan taba a shagona, wani direba ya ce na shiga haƙƙinsa

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da gidan abinci a wajen kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi, ɗaki ɗaya ne mai benci huɗu da 'yar taga guda. Tuwo da shinkafa da wake nake sayarwa, akasarin masu ci direbobi ne da 'yan dako. Wasu da sun wanke hannu sai su kunna sigari nan inda suke zaune. Yarinyar da ke kai kwano 'yar ƙanwata ce, tana da asma, kuma tun safe tana cikin ɗakin nan har bayan la'asar. Makon jiya na sa aka rubuta a bango cewa ba a shan taba a ciki. Wani direba da ya daɗe yana ci a wurina ya ce, "Hajiya, da kuɗina na sayi tuwo, da kuɗina na sayi tabata, ina ruwanki?" Ya kwashe abokansa sun koma shagon gaba. Don Allah doka tana goyon bayana? Kuma da gaske na shiga haƙƙinsa?

Ɗan Yelwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Doka tana tare da ke. Akwai dokar taƙaita shan taba ta ƙasa wadda Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, dab da zai sauka, a 2019 kuma majalisa ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. Ta hana shan taba a cikin wuraren da jama'a ke taruwa, har da gidajen abinci da mashaya da motocin haya, sai dai a wurin da aka keɓe don masu sha. Amma kada ki sa rai wani jami'i zai zo ya taya ki. Wannan dokar dai ita ce ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da taba kara-kara, sai da kwali. Ki leƙa teburin kowane mai tireda daga Wunti zuwa Gwallameji ki ga ko an bi.

Direban Jos:
Ni mashayin taba ne, ba zan ɓoye ba. Hajiya, shagonki ne, in kin ce a fita waje sai a fita, wannan abokin aikin namu rashin ta ido ne kawai ya yi. Waninmu ba ya kunna taba gaban mahaifinsa ko surukinsa, ba kuma doka ce ta hana shi ba, kunya ce. Inda ban yarda ba shi ne gwamnati ta shigo ciki. Wanda ya ɗauki ƙafarsa ya shiga mashaya ko gidan shisha ya san abin da zai tarar, babu wanda ya ja shi. Me ya sa za a hana mai wurin ya zaɓi irin mutanen da yake so? Sannan ku gaya min gaskiya, hayaƙin itacen da ake tuƙa tuwon nan da shi, da na janareton maƙwabta, bai fi kara ɗaya na taba yawa ba? Mu kaɗai ake gani saboda an raina mu.

Anti Nas:
Malam direba, mai shiga mashaya ya zaɓa, na yarda. Yaron da ke goge tebur a wurin fa? Kai minti ashirin za ka yi ka tashi. Shi yana nan har a rufe, yana shaƙar naka da na wanda ya zo bayanka, kuma in ya bar aikin babu wani da ke jiran sa. Shi ya sa da ƙasar Ayalan ta kafa nata hanin a 2004, ta zama ƙasa ta farko da ta hana har a mashaya, a matsayin dokar wurin aiki ta yi shi, don kare ma'aikata. A lokacin masu mashaya sun yi ta kukan za su rufe. Ingila ta bi sahu a 2007, yanzu mai son sha sai ya fita bakin ƙofa cikin sanyinsu.

Maganar itace kuwa ka yi gaskiya, kuma mu a asibiti muna ganin mata masu tari da ciwon ƙirji waɗanda ba su taɓa riƙe sigari ba, murhu ne ya cinye su. Amma wannan dalili ne na a fitar da murhu waje, ba na a ƙara wa yarinya mai asma wani hayaƙin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar da wani ya sha. Kuma Hajiya, kada wani ya ba ki shawarar ware benci ɗaya a ciki ko ƙara fanka. A ɗaki guda fanka raba hayaƙin kawai take yi, kowa ya sami rabonsa.

Direban Jos:
Anti, maganar yaron mai goge tebur ta shige ni. Amma har yanzu na fi son mai shago ya hana da kansa. In aka bar wa hukuma, ƙarshenta wata hanyar karɓar na goro ce za a buɗe a kanmu.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai. Murhuna dama a waje yake, bayan shago. Rubutun bango zai zauna. Na yi magana da kafinta ya buga min benci a ƙarƙashin dogon yaron da ke gefe, mai son sha ya kai kansa can, in yana son ruwa a miƙa masa. Abin da ya rage shi ne shagon gaba, don tagarsu tana kallon tawa, kuma yanzu duk mashayan a can suke taruwa. Ɗan Yelwa, wannan kuma wajen shugaban 'yan kasuwa zan kai, ko wajen mai unguwa?