Ikilisiyar Gidan Yari: Musayar Baitoci

Mai Ziyara:
Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya Lahadi na yi sujada tare da ɗaurarru, na dawo na kasa barci. Ga abin da ya fito. Amsa-amonmu "ri" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗan da ya sha wuyar ɗaurewa,
Da Ruhu mai ba da ƙarfafawa,
Zan waƙe ikilisiyar gidan yari.

Na wuce ƙofa uku da safe,
Kowace an buɗe an sake rufe,
Ƙarar makulli a jikin ƙarfe,
Ta sa gabana faɗuwa da sauri.

Na ɗauka ni ne mai kai haske,
Ashe ba haka zan je in iske,
Sun riga sun taru, waƙa suke,
Tun kafin in isa sun gama shiri.

Bokitin wanka ne gangar waƙa,
Littafi ɗaya ne nasu duka,
Mutum goma kan shafi sun duƙa,
Ɗaya na karantawa bisa tsari.

Mai wa'azinsu na ɗaurin rai da rai,
Ya buɗe Matiyu ya sunkuyar da kai,
Sura ta 25 ya karanta sarai,
Inda Yesu ya ce yana gidan yari.

Ya ce, "Ɗan'uwa, zo nan ka zauna,
Mun gode da ka zo mana don ƙauna,
Wanda kake cewa ka kawo mana,
Ya riga ka shigowa tun fari."

Tsohon Ɗaurarre:
Ɗan'uwa Mai Ziyara, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Shekara bakwai na yi a ciki, kuma daga yadda ka siffanta mai wa'azin nan na gane shi, dattijon ɗakinmu ne.

Ka ga Lahadi, ba ka ga dare ba,
Sa'ad da ƙofa ba za ta buɗu ba,
Ƙato na kuka bai ɗaga murya ba,
Ya juya ga bango don rufin asiri.

A nan dattijon ɗakinmu kan tashi,
Ya tsallake ƙafafu ya je gun shi,
Ya dafa kafaɗa ya yi roƙo don shi,
Da raɗa, kar ya ta da mai minshari.

Muna da dattawa da mai ajiya,
Baikonmu sabulu ne, ko riga ɗaya,
Mu kai wa sabon shiga mai jin kunya,
Ko wanda ba mai zuwa masa daga gari.

Jibin Ubangiji kan ɗau watanni,
Sai fasto ya zo da takardar izini,
Ran da aka ce mini ga jiki ga jini,
Kuka ya ƙwace mini ba shiri.

Bulus da Sila a birnin Filibi,
An yi musu bulala ba su da aibi,
Waƙarsu ta tsakar dare muke bi,
Da suka yi ƙafafu na cikin mari.

Mu ba mu ce kamar su muke ba,
Da yawanmu ba ƙazafi aka yi mana ba,
Ni na ɗauki abin da ba nawa ba,
Na faɗa gaban taro a sarari.

Ganduroba Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku yi mini haƙuri. Shekara da shekaru makulli na hannuna, zan faɗi abin da idona ya gani. Sujada haƙƙin ɗaurarre ce, ba alfarma ba. Ƙa'idojin Mandela na kula da ɗaurarru da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ta 65 da ta 66, sun ce a bar shi ya ga malamin addininsa, ya halarci sujada, ya riƙe littafinsa, in kuma ya ce ba ya son a ziyarce shi a ƙyale shi. Amma haƙƙi daban, tuba daban.

Na ga mai tuba ranar ziyara,
Ya fi kowa cewa Amin da ƙara,
Baƙi na fita sai ya fara,
Zagi da dambe da neman sharri.

Wani don takarda yake yin sujada,
Fasto ya rubuta masa shaida,
Ko a rage masa ya koma gida,
Tubansa ke nan, iyakar buri.

Amma in faɗi gaskiya ban rage ba,
Akwai ɗakin da ban taɓa raba faɗa ba,
Jagoransu ya san ba zai fita ba,
Sai ran da za a kai shi kabari.

Shi ne ya sa na daina gardama,
Mutumin da ba ya jiran sallama,
Yana wanke majinyaci ba ƙyama,
Yana koyar da karatu ga samari.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Irin wannan dattijo an gan shi a wasu ƙasashe ma.

Akwai Angola a Luwiziyana,
Kurkukun Amurka mai mugun suna,
Da yawansu can za su ƙare kwana,
Sai ga makarantar tauhidi a wuri.

A 1995 aka fara ta,
Baptis na Niyu Olins suka kawo ta,
Ɗaurarru ne ke karatu a cikinta,
Su yi hidima ga 'yan'uwa a yari.

Ga Charles Colson mai ba Shugaba Nixon shawara,
Rikicin Watergate ya sa an kai shi ƙara,
Wata bakwai ya yi, ya fito ya fara,
Komawa gun waɗanda ya bari.

John Bunyan a Bedford ta Ingila,
Shekara 12 yana shan wahala,
Wa'azi ba izini ne matsala,
A ciki ma bai yarda ya bari.

Watergate ita ce badaƙalar siyasar da ta raba Nixon da mulkin Amurka. Hidimar ɗaurarru da Colson ya kafa a 1976 ita ce Prison Fellowship, tana nan har yau a ƙasashe da dama.

Ƙanwar Mamaci:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Yayana aka kashe. Wanda ya yi yana ciki yanzu.

Kuna yabon masu waƙa a ɗaure,
Ni kullum ce mini ake in daure,
Takalman yayana na nan a jere,
Shi ko shekara biyar a kabari.

An ce wanda ya yi ya sami ceto,
An ce ruwan baftisma ya shiga ya fito,
Ba na musu, ba na mugun zato,
Amma wa ya zo mana ba da haƙuri?

Fastoci na layi ƙofar kurkuku,
Mamarmu ba wanda ya leƙa cikinku,
Ku faɗa mini, wannan ce bishararku,
Ta tsallake mai rauni ta wuce da sauri?

Tsohon Ɗaurarre:
'Yar'uwa, Allah ya yi miki ta'aziyya, ke da Mama. Ba ni da bakin ba ki amsa. Iyakar abin da na sani zan faɗa.

'Yar'uwa, ba zan ce ki yafe ba,
Wannan hurumi ba nawa ba,
Ruwan baftisma bai biya bashi ba,
Bai goge jinin da ya zuba a wuri.

Ɓarawon nan da ke kan gicciye,
Ya amsa laifinsa ba ɓoye-ɓoye,
An ba shi Firdausi yana rataye,
Ba a sauke shi ba ya koma gari.

Zakka da Yesu ya shiga gidansa,
Ya ce duk wanda ya cuta a aikinsa,
Ninki huɗu zai mayar masa,
A nan dattijonmu kan tsaya nazari.

Ya sa na rubuta wasiƙa da hannuna,
Ga wanda na kwashe wa kaya da rana,
Shiru ya yi, kuma ya dace da aikina,
Ina tara nasa, in na cika in yi ƙari.

Mai Ziyara:

Kin kama ni, 'yar'uwa, da gaskiya,
Ƙafata ta san ƙofa guda ɗaya,
Ta masu makoki na bar ta a baya,
In kin yarda mu gai da Mama ba jinkiri.

Tsohon Ɗaurarre:
Akwai sauran magana ɗaya a raina, ta ranar fita.

Ranar sallama 'yan'uwa suka raka ni,
Har inda doka ta ce su bar ni,
Dattijo ya sa hannu ya sallame ni,
Ya ce, "Nemi majami'a tun da wuri."

Na je Lahadi na zauna a baya,
Ta kusa da ni ta rataya jaka a wuya,
Kafin Amin benci nawa ne ni ɗaya,
Ashe sun riga sun ji labari.

Bulus ya mai da Onisimus gida,
Ya ce wa Filimon a cikin takarda,
Karɓe shi ɗan'uwa, ba bawan da,
Bashinsa nawa ne, ka yi alheri.

Wani tsoho ne ya taso daga gaba,
Ya zauna gefena bai ce komai ba,
Ya miƙo littafin waƙa muka raba,
Shi ya tsare ni daga komawa yari.

Mai Ziyara, ranar da za ka koma,
Ka kai tabarau in za ka iya nema,
Idon dattijo ya yi rauni, shi ma
Da ƙyar yake karatu ko a sarari.

Mai Ziyara:
Na ji, ɗan'uwa. Zan nemi izinin shiga da shi, in kuma gaya masa kana gaishe shi.

Ƙanwar Mamaci:
Ni baitina ya ƙare. Mama tana gida da yamma. In za ku zo, kada ku zo da wa'azi. Ku zo ku zauna, za ta nuna muku hotonsa.