Ciki da falo, ga yaro mai tatata: me za a fitar, ina kuɗi ke zurarewa?

Uwar gida daga Kurna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina son mu haɗa abin da kowa ya gwada a kan hali ɗaya: gida ciki da falo, yaro tsakanin shekara 1 zuwa 3, hannunsa ya fara kai wa ko'ina, shirgi ya cika ɗaki, kuɗin cefane kuma ba ya ganin ƙarshen wata. Me ake fitarwa, me ake bari, ta ina ake farawa? Don Allah a faɗi adadi da yadda ake yi.

Maman 'yan biyu, Zariya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki zazzage ɗakin gaba ɗaya a rana ɗaya. Yaro zai farka daga barci ya tarar da komai a ƙasa, ke kuma ki mayar da kayan a gurguje, ɗakin ya fi da hargitsewa. Durowa ɗaya ko akwati ɗaya a lokacin barcinsa na rana, shi ke nan aikin ranar.

Ki ajiye bakko uku: na sayarwa, na bayarwa, na zubarwa. Duk abin da Sallah biyu suka wuce ba a taɓa shi ba, ya shiga ɗaya daga ciki. Wanda zuciyarki ta kasa saki, ki sa a bakko na huɗu, ki ɗaure bakinsa, ki rubuta kwanan wata. Idan wata 3 suka cika ba ki kwance shi ba, ya tafi a ɗaurensa, kada ki leƙa. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne a bar bakkon bayarwa a bayan ƙofa. Kwana biyu yaro ya zazzage shi, rabin kayan sun koma inda suka fito. Ranar da ya cika, ranar zai bar gidan.

Wurin farawa kuwa, ki durƙusa a kan gwiwoyinki ki zaga ɗakin. Abin da idonki ya gani daga nan shi ne abin da yaron yake gani.

Ma'aikaciyar jinya:
Maman 'yan biyu ta taɓo inda nake so. Kafin a zo kan tufafi da kwanuka, akwai kayan da ya kamata su bar ƙasa yau ɗin nan.

Kalanzir ko fetur a gorar lemo ko ta ruwa. Yaro ya san gora da abin sha, ba ya shinshinawa. Idan ya sha, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Haɗarin kalanzir shi ne ya shiga huhu, amai da ɗure kuwa su ne suke kai shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe a tafi asibiti. Fiya-fiya, maganin ɓera da ruwan wanke banɗaki su hau sama, cikin mazubinsu na asali, a wurin da ake kullewa.

Kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kaya yana kama da alawa. Akwai yaran da aka haifa da wani rauni a jini da ake kira ƙarancin G6PD, ana samunsa sosai a ƙasarmu, kuma galibi iyaye ba su sani ba. Irin wannan yaro kafur yana fasa masa ƙwayoyin jini, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. A fitar da shi daga kayan yara kwata-kwata, a riƙa shanya kayan a rana.

Ƙaramin batir mai kamar maɓalli, na agogo da rimot da kayan wasa masu waƙa: idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona wurin cikin awa 2. Murfin batir da ba shi da ƙusa, a naɗe shi da salatif ko a rabu da abin. Sai bokitin fenti mai ruwa. Kan yaro yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa ya kifa ba ya iya fitowa, kuma ba a jin kukansa. Ko dai murfi mai kamawa, ko a zubar da ruwan a kife bokitin.

Durowar magani ma shirgi ce. Maganin gari da aka dama da ruwa kwanakinsa 7 zuwa 14 ne, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalin, bayan nan ba shi da amfani. Abin da ya cancanci zama a gida bai da yawa: farasitamol na yara, gishirin zawo, zinc, da ma'aunin zafin jiki. In babu gishirin zawo na leda, lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Rigakafi kyauta ne a asibitin gwamnati, haka maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina. Wanda ya bari suka wuce shi, a kemis zai biya.

Dillaliya, Gwale:
Masu sayarwa, ku saurara. Ku ba dillaliya kaya kaɗan-kaɗan, guda 5 zuwa 10. Ku faɗi farashin ƙarshe na kowanne, ku tsayar da la'ada tun kafin ta ɗauka, a rubuta a takarda, a sa wa'adin sati 2. Rigima ba ta tashi sai an ce "ki dai sayar yadda ya samu".

Abin da ke tafiya da sauri: kula mai murfinta, tukwane, atamfa da leshi da ba a ɗinka ba, bahon wankan jariri, gadon jariri, keken koyon tafiya. Saiti kuwa kada a raba shi, kula uku a haɗe sun fi kuɗi a kan ɗaya-ɗaya. A wanke kaya kafin a fitar, datti kaɗai yana karya farashi. Lokacin da ya fi shi ne gab da azumi da lokacin da bukukuwa suka yi yawa, masu haɗa kayan ɗaki suna nema. Ƙarafa kuma na 'yan gwangwan ne, amma a ware alminiyam da jan ƙarfe daban. In aka haɗa su da baƙin ƙarfe a kan sikeli, a farashin baƙin ƙarfe za a saya.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana, ban ƙi ta taku ba, amma a yi hattara da kayan ɗaki. Uwa ta yi shekaru tana adashi kafin ta jera wa 'yarta waɗannan kwanuka. Mallakin yarinya ne, ba na miji ba, kuma ajiya ce ta ranar buƙata. A sayar a zuba a tukunyar miya, wata biyu babu kuɗi babu kaya. Sannan ranar suna ko rasuwa, da me za a zuba wa baƙi abinci?

Maman 'yan biyu, Zariya:
Gaskiyarki Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kayan ɗaki kashi biyu ne. Akwai masu riƙe darajarsu, kamar tukwane masu kauri da zannuwan da ba a ɗinka ba, waɗannan a naɗe a ɗora saman wadrob. Akwai masu lalacewa a ajiye: robobi suna tsagewa, fulas yana tsatsa ta ƙasa, katifar da aka jingine tana yin fumfuna da damina. Su ne za a fitar tun suna da kuɗi. A fara sanar da mahaifiya, kuma kuɗin ya koma wani abin ajiya, ɗan kunne ko tunkiya ko jarin sana'a. Na taro kuwa, ana aro a maƙwabta kamar yadda aka gada.

Maman Abba, Maraɗi:
Babban rami a kuɗin yaro famfas ne. Guda 5 a rana, 150 ke nan a wata, 1,800 a shekara. Kowa ya ninka da farashin unguwarsu. Nafkin na auduga guda 20 zuwa 24 da wandon roba 3 sun isa, famfas ya zama na dare da na unguwa kawai.

A canza duk awa 2 zuwa 3, ko da zarar ya jiƙe. Kashi a karkaɗe a masai, a ɗauraye, a jiƙa a bokiti mai murfi, kada ya kwana biyu a jiƙe. Sabulun wanki na sanda ya wadatar, amma a ɗauraye sau uku. Wasu daga cikin ƙurajen da ake ɗora wa nafkin laifinsu, ragowar omo ne da bilic, ko wandon roba da aka bari a jikin yaro da zafin rana. A shafa basilin ko man kaɗanya kafin a ɗaura, a kuma bar shi ba komai na ɗan lokaci a kan tabarma ya sha iska.

A shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kaya masu danshi da warin fitsari, tsutsar ta shiga fatar yaro ta kumbura kamar maruru. Da damina a goge da dutsen guga mai zafi, zafin yana kashe ƙwan. Fo kuma a ajiye shi wuri ɗaya, a zaunar da yaro da ya tashi barci da bayan cin abinci, minti 3 zuwa 5. Duka da tsawa suna sa yaro ya riƙe kashi, sai a koma neman maganin taurin bayan gida.

Tela mai ɗinkin yara:
Kayan zaman gida saiti 7 ko 8, na fita 2, rigar sanyi 1 da hula don hunturu. Abin da ya haura haka, yaro zai girme shi da ƙamshin shago. In za ki ba da ɗinkin Sallah, ki ce a bar ninki inci 2 a ƙasa da inci 1 a gefe, a sa roba a ƙugu maimakon zif. Yadi 1 da ya rage a turmin atamfarki yana yi wa 'yar shekara 2 riga.

Takalmi ɗaya na fita ya isa. Ki tsayar da yaron a kan takarda ki zana ƙafarsa, ki tafi kasuwa da zanen, ki bar faɗin babban yatsa a gaba. Wanda ya fi haka girma tuntuɓe yake sa shi. Gwanjo kuma a je ranar da aka yanka dila, a duba wuya da hammata da maɓalli, a wanke da ruwan zafi a goge kafin ya taɓa jikinsa.

Mai garin kunu, Kaduna:
Abincin gwangwani ba dole ba ne. Awon garin kunu da ake koya wa iyaye mata: kashi 6 hatsi, gero da dawa ko masara, kashi 3 waken suya, kashi 1 gyaɗa. Da gwangwanin madara ma ana aunawa. A tsince, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau. A soya kowanne daban saboda ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba. Waken suya shi ya fi son wuta, in bai soyu ba yana kumbura ciki, kuma yana ƙarni. A ɓarza shi a sheƙe ɓawon. Gyaɗar da ta yi baƙi, ta yanƙwane ko ta yi fumfuna a zubar, gubarta tana taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta. Sai a haɗa a kai niƙa, a ce wa mai inji ya kakkaɓe, musamman in ya niƙa barkono. A baza garin ya huce kafin a rufe, in aka rufe da zafinsa yana gumi ya cure. A yi na sati 2 zuwa 3 kawai, man gyaɗar yana sauya ɗanɗano in ya daɗe.

A dama babban cokali 3 da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa, a bar shi a wuta minti 10 ana juyawa. Kaurinsa ya zama in an karkata cokali ba ya zuba da sauri. Kunu tsararo ciki kawai yake cikawa. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana cin abinci sau 3 zuwa 4, kamar kofi ɗaya a zama, da ɗan abin taɓawa tsakani, ga nono har shekara 2. Sauran daga tukunyar gida ne: a ɗebi nasa kafin a zuba yaji, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake, kabewa, dankalin Hausa, dafaffen ƙwai, garin busasshen kifi da zogale a miya. A zuba kaɗan a ƙara masa, abin da ya dagula ba ya ajiyuwa. Gyaɗa da aya ɗaya-ɗaya kada a ba shi, suna shaƙewa.

Magidanci, Dawanau:
Iyayenmu mata, a ba mu wuri kaɗan. Hatsi da kaka ake saye, daga Oktoba zuwa Disamba, ko da haɗa kuɗi ne gida uku a raba buhu. Wake a shanya shi sosai, a cika busasshiyar jarka mai lita 25 har baki, a sa leda a murɗe murfin. Rashin iska yana kashe ƙwarin. In aka bar rabin jarka ko ana buɗewa kullum, aikin ya ɓaci, don haka na ci a ɗebe a ƙaramar roba. Ƙwayar maganin da ake jefa wa buhun hatsi kada ta shiga gidan da ake kwana, iskar da take fitarwa tana kisa.

Wadrob da kabad kuma a kira kafinta ya ɗaure su da bango ta sama da ƙarfe biyu. Yaro yana jawo durowa ya taka kamar tsani.

Uwar gida daga Kurna:
Allah ya saka da alheri. Saura kayan wasa, sun cika ƙarƙashin gado, kuma ba ya kallonsu.

Malamar rainon yara:
Yawansu ne ya sa. Ki fitar da 5 ko 6 a kwando ɗaya, sauran ki ɓoye a kwali, duk Juma'a ki musanya. Wanda ya karye ko fentinsa yake ɓarewa ya tafi. Gwajin girma: duk abin da ya wuce ta cikin kwalin da ake naɗe tishu zai iya wucewa maƙogwaronsa. Ƙoƙo, ludayi, robobi masu shiga cikin juna da babban kwali sun fi riƙe shi a kan mota mai batir. Waya kuwa, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Kwandon ki ajiye shi a ƙasa inda hannunsa yake kaiwa, kafin magariba ku kwashe tare, kina miƙa masa ɗaya-ɗaya yana jefawa.