Gonarmu tana kusa da sabon filin jirgin Gusau: mu sayar ko mu riƙe?

Ɗan Zamfara:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona da muke noma gero da wake, ba ta da nisa da inda ake aikin sabon filin jirgin. Cikin wata guda dillalai uku sun zo da tayin kuɗin da ba mu taɓa jin irinsa ba. Yayanmu ya ce a sayar a raba gado, Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Waɗanda aka yi wannan a garuruwanku, me kuka gani?

Mazaunin Lugbe:
Wa alaikumus salam. Gonar a bakin titin da ya haɗa filin da gari take, ko bayan katanga? A Abuja titin ne ya yi albarka. Lugbe ta cika da rukunin gidaje da gidajen mai saboda tana tsakanin gari da filin Nnamdi Azikiwe, kowa sai ya bi ta nan. Idan a bakin titi kuke, kada ku yi gaggawa.

Malamin Makaranta, Gombe:
Ɗan'uwa, a yi hattara da misalin Abuja. Da aka gina filin Lawanti a hanyar Bauchi, na ranci kuɗi na sayi fuloti, ina jiran otal-otal su zo. Har yau masara nake shukawa a wurin. Jirage kaɗan ne, sai lokacin jigilar alhazai ake ganin cunkoso. Kasuwa ba ta bin jirgi sai da fasinja.

Baba Na Fagge:
Yaro, ku fara zuwa ma'aikatar filaye ku ga taswira. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta amfanin gona da gini ce, ba ta farashin da dillali ya faɗa ba. Ku kuma duba ko gonar tana saitin inda jirgi ke tashi, don can gini mai tsawo sai da izinin NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama. Mu a Kano gari ne ya zagaye filin Malam Aminu Kano. Ranar 4 ga Mayu, 2002 jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, har yau ina jin abin a raina.

Ɗan Zamfara:
Na gode, Baba. Tamu ba a bakin titi take ba. Ranar Litinin, in sha Allahu, zan ja Yaya mu je mu ga taswirar kafin mu sake zama da Hajiya.