Na'urar ƙarin ƙarfi a akori-kura mai dizal: tana yanke ja a tudu, baƙin mai yana hawa

Mai Akori-kura:

Assalamu alaikum, masana inji. Motar akori-kura ce mai dizal, silinda huɗu da turbo, irin mai komon rel (bututu ɗaya da ke tara mai da matsi ya raba wa injektoci), giyarta otomatik mai shida, ta ci kilomita wajen 140,000. An saka mata ɗan akwatin nan na ƙara ƙarfin inji, wanda ake zare soket ɗin sensar matsin mai a jona shi a tsakani. Matakai bakwai gare shi, yana kan na biyar.

Ja kam ta ƙara, ba musu. Amma idan da lodi aka kama tudu aka taka totur sosai, sai fitilar inji ta kama, ƙarfi ya yanke, ba ta dawowa daidai sai an kashe an sake tayarwa. Sikana, na'urar karanta matsalar mota, ta nuna lambar P0087. Matatar hayaƙi ta DPF kuma, da sai an yi kusan kilomita 500 take ƙona abin da ta tara, yanzu ko 150 ba a kaiwa. Baƙin mai ya haura alamar sama a sandar awo alhali ba a ƙara ba. Sannan tsakanin gudun 70 da 90, a giya ta biyar da ta shida, ana jin karkarwa idan an ɗan taka.

Duk wannan daga akwatin ne? In na sauke shi zuwa mataki na biyu ya wadatar, ko cirewa za a yi? Ko kuwa gara irin wanda ake rubutawa cikin kwamfutar motar ta soket ɗin OBD, inda ake jona sikana?

Injiniyan Dizal:

Wa alaikumus salam, Malam. Uku daga cikin huɗun nan tushensu ɗaya, kuma kafin komai a daina ɗora wa motar lodi har sai an juye baƙin man nan.

Aikin akwatin shi ne yi wa kwamfutar inji ƙarya. Sensar da ke jikin rel tana aika wuta tsakanin bolt 0.5 da 4.5 gwargwadon matsin mai. Akwatin yana rage wannan wutar kafin ta isa kwamfuta. A ce kwamfuta na neman matsin mai na ba (bar, ma'aunin matsi) 1,600, akwatin kuma yana rage kashi 10 cikin ɗari: sai famfon mai ya kai matsin gaske wajen ba 1,780 kafin kwamfuta ta ga 1,600 ɗin da take nema. Injekta tana buɗewa daidai tsawon lokacin da aka saba, amma da yake matsin ya ƙaru, man da ke fita ya fi yawa. Ƙarin ma ba mai yawa ba ne, domin kashi 10 na matsi kusan kashi 5 na mai kawai yake bayarwa, shi ya sa masu ƙera akwatunan suke tura matsin sama sosai a manyan matakai.

Daga nan P0087 ke fitowa. Ma'anarta matsin rel ya gaza abin da ake nema. Ko dai famfo ya kai maƙurarsa ya kasa cika abin da ake tambayarsa, ko kuma bawul ɗin kariya da ke ƙarshen rel ya buɗe ya mayar da mai tanki. Da ya buɗe matsi ke faɗuwa nan take, kwamfuta ta yanke ƙarfi don kare inji. A lura da wani abu: muddin akwatin yana jone, lambar matsin da sikana ke nunawa ba ta gaskiya ba ce, lambar akwatin ce. Duk wani awo da aka yi a haka ɓata lokaci ne.

DPF kuwa, man da ya fi iskar da ke shiga yawa ba ya ƙonewa tas, kunkunniya yake zama. Ba ka ganin baƙin hayaƙi a baya ne saboda matatar tana kama shi. Ta cika da wuri, sensar bambancin matsi ta sanar, kwamfuta ta fara ƙonawa. A yawancin irin waɗannan injina, ƙonawar ana yinta ne ta fesa ƙarin mai a ƙarshen bugun fistin don zafin salansa ya kai wajen digiri 600. Wani ɓangare na man yana wanke jikin silinda ya zirara ta ringi ya gangara cikin baƙin mai. Ƙonawar da ake yi sau ɗaya ta koma sau uku, to ga inda hawan man ya samo asali. Dizal ne a ciki. Yana tsinka man, kaurinsa ya ragu, metal na kiranshaf da sandar turbo su ne farkon masu shan wahala. In ya yi yawa ƙwarai, inji na iya jan shi ta bututun numfashi ya riƙa ƙonawa, ya yi ta gudu ko an zare makulli.

Ga yadda za a bi. A kashe mota, a bar kwamfuta ta yi barci na ɗan mintuna, a cire akwatin duka da wayoyinsa, a mayar da soket na asali har a ji ya kama. Saukewa zuwa sifiri bai isa ba, domin soket mai sako-sako ko wanda ruwa ya shiga shi ma yana kawo irin wannan lambar. A juye baƙin mai da filtarsa, a zuba mai ƙarancin toka wanda littafin motar ya ambata, galibi ajin ACEA C ko API CK-4. A canja filtar dizal, a yanka tsohuwar a duba ta a haske. In an ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, famfo ya fara cin kansa, kuma magana ta wuce ta akwati, sai an wanke tanki da layuka an duba injektoci duka. In babu, a goge lambar a hau tudun nan da sikana tana nuna layi biyu: matsin da ake nema da wanda ake samu. Su riƙa bin juna kurkusa.

Kada kowa ya sassauta bututun rel inji yana aiki ko an kashe shi yanzu-yanzu. Mai a wannan matsin yana huda fata.

Mai Gyaran Giya:

Injiniya ya gama da ɓangaren mai. Karkarwar nan ita ce ta fi damuna, domin ita ce wadda cire akwati ba lallai ya warkar ba.

Giyar otomatik ba ta auna ƙarfin inji da kanta. Kwamfutar inji ce ke gaya wa ta giya, ta wayoyin sadarwa na CAN, yawan ƙarfin murɗawar da ke zuwa, ita kuma ta daidaita matsin man da zai danne kulocin ciki. Tunda kwamfutar inji ba ta san da ƙarin man ba, lissafin da take aikawa ya gaza na gaske. Ƙarfi ya ƙaru, dannewa ba ta ƙaru ba. Wanda ke fara sulɓewa shi ne kulocin da ke kulle kwanbata (tukunyar mai da ke haɗa inji da giya), kuma yana yin haka ne daidai inda ka faɗa, ɗan'uwa: babbar giya, juyin inji ƙasa-ƙasa, ƙafa a kan totur. Kamawa da saki da yake yi da sauri shi ne karkarwar.

A sikana a nemo bambancin juyin inji da na sandar shiga giya lokacin da kwanbata take kulle. Ya kamata ya tsaya kusa da sifiri, ko 'yan gomomi a giyoyin da aka ƙera da ɗan sulɓi. In ana takawa yana tsalle zuwa 150 ko 200, kulocin yana zamewa. Lambar P0741 takan zo ne daga baya, bayan ɓarna ta yi nisa, don haka rashinta ba shaidar lafiya ba ne. A duba zafin man giya ma: 80 zuwa 95 daidai ne, wanda ya daɗe sama da 120 ya fara lalacewa.

A sauke faranti, a duba mayen ƙarfen da ke ciki. Laushin gari mai ruwan toka kaɗan ba komai. Baƙin gari mai yawa da warin ƙuna, fatar kuloci ce. In man bai ƙone ba, a canja filta, a zuba ainihin nau'in man da aka rubuta wa wannan giyar, a daidaita yawansa a zafin da littafi ya ce, sannan a goge abin da giyar ta koya da sikana don ta sake koyo a kan ƙarfin asali. Sau da yawa karkarwar da aka kama da wuri tana tafiya a nan. Wadda ta ƙi tafiya, sai sabuwar kwanbata. Ruwan da ake zubawa wai don hana karkarwa yana rufe alamar ne kawai na ɗan lokaci.

A ganina motar da ke ɗaukar kaya da giyar otomatik ba ta da abin yi da akwatin da ke ɓoye wa giya gaskiya, ko a mataki na ɗaya.

Oga Lantarki:

A kan akwatin na yarda da Maigida mai giya. Amma kada a fahimci cewa duk wani ƙarin ƙarfi ɓarna ne. Wanda ake rubutawa cikin kwamfuta, in wanda ya san aikin ne ya tsara shi, yana gyara mai da iskar turbo da lokacin fesawa tare, yana barin iyakar hayaƙi da ta zafi a wurinsu, kuma lissafin da ke zuwa wa giya ya zama na gaskiya. Matsalar ita ce mai saye ba ya ganin abin da ke cikin fayil ɗin. Da yawa tsawon fesawa kawai suke ja, su ɗaga iyakokin kariya don kada fitila ta kama. Irin wannan ya fi akwati haɗari, domin akwati aƙalla ya bar maka P0087 ta yi maka gargaɗi.

Abu biyu ke kashe inji a nan. Fesawa mai tsawo tana sa mai ya ci gaba da ƙonewa har bawul ɗin fita ya buɗe, zafin hayaƙi ya hau. Ƙa'idar da masu jan tirela suka daɗe suna bi ita ce kada zafin kafin turbo ya zauna sama da wajen digiri 675 zuwa 700 na dogon lokaci. Wanda aka auna bayan turbo yakan yi ƙasa da haka da digiri 100 zuwa 150, don haka a san inda sensar take kafin a saki jiki da lambar. Wasu sababbin injina an ƙera su su jure fiye da haka, to a auna abin da motar ke kaiwa a tudu ɗaya da tsarin asali, shi ne ma'auni. Motoci masu DPF suna da sensar zafi tun daga kamfani, ana karantawa ta OBD. In za a ƙara ta daban, nau'in K ake sakawa a manifol, kuma a cire manifol ɗin kafin a huda, kada garin ƙarfe ya bi ta cikin turbo. Na biyun shi ne gaggauta lokacin fesawa, wanda ke ɗaga matsin cikin silinda har kusoshin kan inji su miƙe, gasket ya fara hura. Alamarsa ruwa yana tofowa daga tankin lagireto bayan an ja kaya, da tiyo mai tauri kamar dutse jim kaɗan da tayarwa.

Wurin rubutawar kuma: a jona caja mai riƙe wuta wajen bolt 13, a kashe fitilu da na'urar sanyaya da rediyo, kada a taɓa waya ko makulli sai na'urar ta ce. Wuta ta faɗi a tsakiya, kwamfuta na iya mutuwa, sikana ta riƙa ba da U0100, mota ko tari ba za ta yi ba. A adana fayil na asali a wuri biyu. Yawancin na'urorin suna ɗaure kansu da lambar shasin mota ɗaya, kuma in aka kai motar wurin dillali ya sabunta kwamfuta ba tare da an mayar da na asali ba, na'urar na iya ƙin aiki gaba ɗaya. Mayarwar ba ta goge sawu: akwai lambar tantancewa ta CVN, wasu kwamfutocin ma suna ƙirga sau nawa aka rubuta su, don haka mai garanti ya sani yana iya rasa shi. Fayil ɗin da ke kashe DPF ko EGR (mai mayar da hayaƙi cikin inji) kuwa ya saɓa wa doka a kan titi a Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai.

Amma duk wannan sai motar ta koma lafiya lau a tsarinta na asali tukuna. Ba a ƙara wa injin da ke da ciwo ƙarfi.

Mai Akori-kura:

Allah ya saka da alheri. An cire akwatin, an juye mai, filtar dizal ba ƙarfe a ciki. Karkarwa ta ragu sosai tun kafin a taɓa giya. Sai dai a tudu, da an taka har ƙasa, matsin da ake samu yana bin wanda ake nema zuwa wajen 1,400, sai ya faɗi gaba ɗaya, P0087 ta dawo. Famfo ne?

Injiniyan Dizal:

Kada ka yi saurin sayen famfo, Malam. Famfon da ya gaji a hankali yake ja baya, tazarar tana ƙaruwa yayin da juyi ke hawa. Faɗuwa lokaci guda aikin bawul ɗin kariya ne. In ya sha buɗewa, mazauninsa da sifirin ɗinsa suna rauni, ya koma buɗewa ƙasa da inda aka ƙera shi, ko bayan an cire abin da ya jawo.

Gwajin: inji a kashe kuma ya huce, a cire tiyon komawa daga bakin bawul ɗin, a toshe ɓangaren da ke zuwa tanki, a sa wani tiyon daga bawul zuwa kwalba mai tsabta, a ɗaure ta nesa da salansa. A maimaita hawan. Lafiyayyen bawul irin na sifirin ko ɗigo ba ya bayarwa. In an sami mai a kwalba, a canja shi, a ɗaure da awon da littafi ya bayar, kada a wanke a mayar kuma kada a cusa masa washa don ƙara masa tauri. In naka rel ɗin mai bawul na lantarki ne, shi yana sakin mai da gangan a wasu lokuta, don haka ta sikana ake duba shi.

In kwalba ta fito a bushe, sai a auna komawar injektoci huɗun a kwalabe masu awo, inji a kunne ba a taka totur ba na minti biyu zuwa uku. Wadda ta tara kusan ninkin sauran ita ke zubar da matsin.